Tun Daga Aji Ya Kamata Ɗalibin Jin Daɗin Jama'a Ya San Ƙungiyarsa

Kowace shekara jami'o'i da kwalejojin da ke koyar da aikin jin daɗin jama'a a Najeriya suna tura ɗalibansu sanin makamar aiki. Wasu a kai su asibiti, wasu gidan marayu, wasu gidan kangararrun yara, wasu kuma ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, inda ake sauraron rikicin ma'aurata da batun ciyar da 'ya'ya bayan saki. Daga ranar da ɗalibi ya zauna a bayan wannan tebur, sirrin gidajen mutane ya fara shiga kunnensa. Matar da ke gabansa tana kuka ba ta san ɗan koyo ba ne, ita dai ma'aikaci ta gani. Amma idan aka tambaya wa ya san da zaman wannan ɗalibi cikin masu sana'ar, wace ƙa'ida ya yi alkawarin kiyayewa, wa zai tsawata masa in ya kauce, wa kuma zai tsaya masa in aka matsa masa ya yi abin da bai dace ba, a mafi yawan lokuta amsar ba ta wuce malamin da zai leƙo sau ɗaya ko biyu ya sa hannu a littafin rahoto. Ra'ayina shi ne wannan giɓi ne babba, kuma hanyar toshe shi ita ce a haɗa ɗalibi da ƙungiyar masu sana'arsa tun yana aji, kafin ya taɓa fayil na farko, a kuma sa wannan haɗin cikin tsarin karatun kansa.

A ɗauki misalin ɗaliba 'yar aji uku da aka tura sashen jin daɗin marasa lafiya na wani asibiti. An kawo yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, bayan kwana biyu ta saki jiki da ɗalibar, ta faɗa mata abin da ba ta faɗa wa likita ba, har da sunan wanda ya ɓata ta, wanda kuma ɗan gida ne. Washegari sai ga kawun yarinyar, dattijo mai furfura, ya ja kujera ya zauna ya ce: "'Yata, ni ne uban yarinyar nan tun rasuwar mahaifinta. Faɗa mini abin da ta gaya miki, mu je mu kashe wutar a gida." Tarbiyyar da ɗalibar ta tashi da ita tana ce mata ba a musu da babba. Abin da ta karanta a aji yana ce mata sirrin wanda ya amince da kai amana ne, kuma maganar cin zarafin yaro ba a gida ake binne ta ba, akwai waɗanda doka ta ce a sanar. Tsakanin "To, Baba" da "Baba, ka yi haƙuri, ba ni da ikon wannan" akwai tazarar da takardar lacca ba ta iya cikewa. Abin da ke cike ta shi ne ɗalibar ta taɓa zama da tsofaffin ma'aikata ta ji yadda suka fita daga irin wannan tarko ba tare da sun ci mutuncin dattijo ba kuma ba tare da sun sayar da yarinya ba, sannan ta san akwai lambar wayar da za ta kira yau ɗin nan, ta kuma san idan aka kai ƙararta wajen shugaban asibiti ba ita kaɗai za ta tsaya ba.

Ga wani abu da ya fi wannan yawa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Ɗalibi ya je gidan marayu, tausayi ya kama shi, ya zaro waya ya ɗauki hoton yara da kwanukansu, ya ɗora a Facebook da lambar asusu yana neman taimako. Mutane su yi ta sa masa albarka. Shi bai san ya yi laifi ba, domin babu wanda ya taɓa nuna masa cewa fuskar yaron nan za ta zauna a intanet har ya girma ya nemi aure, kuma yaron bai ba da izini ba, ba shi ma da shekarun bayarwa. Ƙa'idojin sana'ar na duniya, waɗanda aka sabunta a taron Dublin a 2018, sun yi magana a kan sirri da kuma amfani da kafofin sada zumunta. Sai dai ƙa'ida ba ta zama ɗabi'a don an rubuta ta a jarrabawa. Tana zama ɗabi'a ne idan mutum ya ga waɗanda yake so ya zama kamarsu suna kiyaye ta, kuma yana jin kunyar su gan shi ya karya.

Tarihin sana'ar a ƙasar nan ya nuna inda ciwon yake. Tun shekarun 1940 gwamnatin mulkin mallaka ta fara aikin kula da yara masu gararamba a Legas, aka yi dokar yara da matasa ta 1943. Ƙungiyar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta Najeriya, wato NASoW, an kafa ta a 1975, kuma Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta fara koyar da fannin a 1976. Duk da haka sai a ƙarshen 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu sana'ar rajista da sa ido a kansu. Kafin nan, a 2018, ya mayar da ƙudurin ba sa hannu, kuma dalilin da ya bayar abin tunani ne: ƙudurin ya hana waɗanda ba su da rajista yin aikin, alhali bai fayyace iyakar aikin ba. Wato ita kanta gwamnati ba ta gane inda taimakon jama'a na kowa da kowa ya ƙare, inda kuma aikin ƙwararre ya fara ba. Yanzu doka ta samu, amma doka ba za ta shata wannan iyaka a zukatan mutane ba. Masu shata ta su ne waɗanda suka fito daga makaranta suna iya faɗa wa shugaban ƙaramar hukuma, da baturen 'yan sanda, da alƙali, abin da aikinsu ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba. Ɗalibin da ya gama karatu bai taɓa halartar taron masu sana'arsa ko sau ɗaya ba, da ƙyar zai iya wannan bayani, domin shi ma bai ga sana'ar a tsaye da ƙafafunta ba.

Sauran sana'o'in da ke riƙe da rayuwar mutane sun daɗe da gane wannan. Ɗalibin aikin jinya, tun a farkon karatunsa majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma take shigar da sunansa a kundinta, haka majalisar likitoci take yi wa ɗaliban likitanci. Ɗaliban likitanci suna da NiMSA a ƙarƙashin inuwar ƙungiyar likitoci ta ƙasa, ɗaliban harhaɗa magunguna suna da PANS a ƙarƙashin inuwar tasu uwar ƙungiyar. Shi ya sa za ka ga yaro ɗan aji huɗu a makarantar likitanci ya riga ya san manyan fanninsa da sunayensu, ya san abin da ake jayayya a kai tsakanin likitoci da gwamnati, yana kuma tafiya da jin cewa shi ɗan wani gida ne. Mu kanmu a ƙasar Hausa wannan ba baƙon abu ba ne. Yaron wanzami ba aska kaɗai yake koyo ba. Yana rataya zabira ya bi ubangidansa gidan suna, ya ga yadda ake shiga gidan mutane da yadda ake kame baki a kan abin da aka gani a ciki, ya kuma san akwai Sarkin Aska da za a kai ƙara gabansa. Haka yaron maƙeri ya san Sarkin Maƙera, yaron mahauci ya san Sarkin Pawa. Kakanninmu ba su raba koyon sana'a da shiga cikin masu sana'a ba, kuma aikin da ya shafi marayu da masu taɓin hankali da matan da aka wulaƙanta bai kamata ya gaza wanzanci tsari ba.

A waje ma hujjar tana nan. A Afirka ta Kudu, ɗalibin aikin jin daɗin jama'a yana yin rajista da majalisar sana'ar tun daga shekararsa ta biyu, lokacin da zai fara fita aiki da mutane, kuma ƙa'idojin ladabtarwa suna hawa kansa. A Sikotilan da Wales da Ireland ta Arewa ma ana yi wa ɗalibai rajista. A Amurka, hukumar da ke tantance makarantun fannin ba ta amincewa da digirin farko sai ɗalibi ya yi aƙalla awa 400 yana aiki a fage, digiri na biyu kuma awa 900, sannan ƙungiyarsu ta ƙasa tana karɓar ɗalibai a kan kuɗi mai sauƙi. Gaskiya ne Ingila ta daina yi wa ɗalibai rajista a 2012, ta ɗora nauyin tantance su a kan jami'o'i. Amma Ingila tana da jami'o'in da ake bibiyarsu sosai, da ma'aikatan da aka horar musamman don kula da ɗan koyo a wurin aiki. Ƙasar da ba ta kai ga wannan ba, misalin Afirka ta Kudu ya fi kusa da halinta.

A nan ya kamata a rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Majalisar da doka ta kafa hukuma ce, aikinta rajista da ladabtarwa da tantance makarantu, don kare jama'a. Ƙungiya kuwa gida ce ta masu sana'a, aikinta horarwa da haɗa kai da yin magana da yawunsu. Ɗalibi yana bukatar duka biyun, amma ta hanya daban. Sunansa ya shiga kundin majalisa kafin ya fita sanin makamar aiki, wannan ya zama tilas. Hulɗa da ƙungiya kuma makaranta ta saka ta cikin darasi: kwas ɗin ƙa'idojin aiki a koyar da shi tare da ma'aikatan da reshen jiha ya turo, da labaran shari'o'in da suka riƙe bayan an ɓoye sunaye, halartar taron reshe a lissafa shi cikin awannin aikin fage, masu kula da ɗalibai a asibiti da gidajen yara a zaɓo su daga mambobin da ƙungiya ta san su, irin na ƙungiyar ma'aikatan jin daɗin marasa lafiya, AMSWON, wadda mambobinta ke zaune a manyan asibitoci. A kuma ba ɗalibai kujera ɗaya a kwamitin reshe, mai ƙuri'a. Akwai wani aiki da ɗalibanmu za su fi kowa iyawa idan aka ba su dama, shi ne mayar da ƙa'idojin sana'ar cikin Hausa da Kanuri da Fulatanci, domin matar da ta zo ofis ta san haƙƙinta da harshen da take kuka da shi.

Dalilin da ya sa maganar ta fi gaggawa a Arewa a bayyane yake. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta tanadi cewa kafin kotu ta yanke hukunci a kan yaron da ya yi laifi, a kawo mata rahoto kan gidansu da halin rayuwarsa, kuma jihohin Arewa da dama sun yi nasu dokokin kare yara, har da Kano a 2023. Akwai dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, da dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Kowace daga cikinsu tana jiran hannun da zai aiwatar da ita. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa, aka kuma yi irin wannan samame a Daura bayan 'yan makonni. Aikin ɗan sanda ya ƙare a ranar da aka buɗe ƙofa. Nemo iyaye, gano wanda zai iya komawa gida da wanda komawar za ta cutar da shi, bibiyar yaro wata shida bayan haka, wannan duk aikin ma'aikacin jin daɗin jama'a ne. Haka abin yake a sansanonin 'yan gudun hijira na Barno da na jihohin da 'yan bindiga suka ɗaiɗaita. Abin baƙin ciki shi ne da yawa cikin waɗanda suka karanta fannin, suna gama bautar ƙasa sai su ɓace wa sana'ar, wannan ya koma koyarwa, wancan ya buɗe shago, alhali kujerun ofisoshin jin daɗin jama'a ana cika su da duk wanda aka ga dama. Ɗalibin da ya san manyan fanninsa tun yana aji ya fi jin labarin gurbin aiki, ya fi samun mai ba da shaida a kansa, ya fi kuma wuyar yar da sana'ar.

Akwai masu cewa wannan wata hanya ce ta tatsar ɗalibai. Tsoronsu yana da tushe, domin ɗalibin Najeriya ya gaji da kuɗin sashe da kuɗin riga da kuɗin liyafa, kuma kuɗin makaranta ya tashi a 'yan shekarun nan. Akwai kuma sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, kuma 'yancin shiga ya ƙunshi 'yancin ƙin shiga. Amsata ita ce a raba darasi da katin zama mamba. Makaranta tana da ikon ta ce sai ɗalibi ya halarci zaman tattauna ƙa'idojin aiki tare da ma'aikata, kamar yadda take da ikon ta ce sai ya shiga ɗakin gwaji. Ba ta da ikon tilasta masa biyan kuɗin ƙungiya. Ita kuma ƙungiyar, idan tana hangen nesa, kyauta ya kamata ta karɓi ɗalibi, ko a kan abin da bai fi kuɗin mota ba. Ƙungiyar da ta ɗauki ɗalibi a matsayin kuɗin shiga ta yi asarar mamba na shekara talatin saboda kuɗin wata guda.

Wasu kuma za su ce su kansu ƙungiyoyin ba su da ƙarfi, rassansu a wasu jihohi suna ne kawai, shugabanninsu sun fi damuwa da zaɓe da rigimar wa ya cancanci a kira shi ƙwararre, tsakanin mai digiri da mai difloma da wanda ya karanta ilimin zamantakewa. Me ɗalibi zai koya a can in ba rigima ba? Wannan ita ce suka mafi nauyi, kuma ban ga amfanin musanta ta ba. Amma a duba abin da ke raunana ƙungiya. Reshen da mambobinsa mutum goma sha biyu ne, dukansu sun kusa ritaya, ba shi da wanda zai tambaye shi ina rahoton kuɗi, ba shi da wanda zai cika zauren taro, ba shi da wanda zai gaji kujera. Idan makaranta ta sa ɗalibai ɗari suna zuwa taron wata-wata, kuma malaminsu yana bukatar takardar abin da aka tattauna, dole taron ya zauna a kan lokaci, dole a shirya abin faɗa. Jiran ƙungiya ta yi ƙarfi kafin a kai mata ɗalibai daidai yake da jiran rijiya ta kawo ruwa kafin a yashe ta. Rigimar wa ya cancanta kuwa, gara ɗalibi ya ji ta da kunnensa tun yanzu, domin makomar takardar da yake wahala a kanta ake tattaunawa. Abin da makaranta za ta kiyaye shi ne kada ta bari a mayar da ɗalibai 'yan amshin shatan wani ɗan takara, kuma malamin sashe yana da ikon janye ɗalibansa daga reshen da ya koma haka.

Ƙungiyoyin ɗalibai na sashe, waɗanda wasu ke ganin sun wadatar, ba su wadatar ba. Suna da amfaninsu wajen zumunci da tarbar sababbin ɗalibai, amma ɗan aji huɗu ba zai koya wa ɗan aji biyu yadda ake tsayawa gaban alƙali ba.

Suka ta ƙarshe ita ce wadda ake yi a zaure, ba a jami'a ba: mu da muke da dangi da mai unguwa da liman da zakka da Hisba, me ya kai mu ga wata sana'ar Turawa da rajistarta da ƙungiyarta? Waɗannan ginshiƙai su ne suka riƙe al'umma tun kafin a san ofis, kuma ma'aikacin da ya raina su ba zai daɗe a unguwa ba. Sai dai kowa ya san akwai matsalar da dangi ne tushenta, kamar ta yarinyar da kawunta ke son a kashe wuta a gida, akwai kuma mutanen da rikici ya raba su da dangin da mai unguwar baki ɗaya. A nan ake bukatar wanda aka horar, wanda kuma akwai mai tuhumarsa. Haɗa ilimin littafi da sanin al'ada shi ne ainihin abin da tsofaffin ma'aikatanmu suka ƙware a kai. Sun san lokacin da za a fara gaida mai unguwa kafin a shiga gida, sun san yadda ake jawo liman cikin sulhu ba tare da an tauye haƙƙin mace ba, sun san lokacin da sulhu ya zama zalunci dole a tafi kotu. Kaɗan ne daga wannan ilimi aka rubuta, yawancin littattafan da ake karantarwa kuwa daga Amurka da Ingila suka zo. Mutanen da ke ɗauke da shi suna ritaya ɗaya bayan ɗaya, kuma wurin da ɗalibi zai same su a tattare shi ne taron ƙungiya.

Fara wannan aiki ba ya jiran kasafin kuɗi ko umarni daga Abuja. Shugaban sashe a jami'a ko kwaleji zai iya rubuta wa shugaban reshen NASoW na jiharsa takarda a wannan zangon karatu, su zauna su tsara zama huɗu kafin ɗalibai su fita sanin makamar aiki, a ba kowane ɗalibi kwafin ƙa'idojin sana'a ya karanta ya sa hannu, a kuma ba shi sunan ma'aikaci guda da lambar wayarsa. Ƙungiyar malaman fannin, NASWE, tana iya ɗaukar tsarin ta kai wa hukumar jami'o'i da hukumar ilimin fasaha don ya shiga manhaja. Ranar Talata ta uku a watan Maris ce ranar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta duniya, kuma ta dace ta zama ranar da 'yan aji biyu za su tsaya gaban manyansu a karanta musu ƙa'idojin, a rubuta sunayensu, kafin a raba musu takardun zuwa asibiti da gidan marayu.